Sanarwa Ga Masu Aikin Sa Kai Na Jinya Da Bishara

Ƴan'uwa cikin Almasihu, ina gaishe ku. Kafin mu shiga ƙauye duba yara, ina roƙon kowa ya koyi auna kaurin damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, domin duk wanda awonsa bai kai santimita 11.5 ba yana fama da tamowa mai tsanani, kuma wajibi ne a tura shi asibiti a ranar. Mai zazzaɓi kuwa, a yi masa gwajin jini kafin a ba shi maganin maleriya.

Abin da ya fi damuna shi ne kada iyaye su zaci sai sun saurari wa'azi za mu duba ƴaƴansu. Za a duba kowane yaro, amma zaman karatun Littafi Mai Tsarki sai wanda iyayensa suka amince.