Ɗana, kada ka ɓoye ciwon kan nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan karatu na tafiya daidai.

Mahaifiyarka ta faɗa mini abin da ka roƙe ta ta rufe. Tun karon da kuka yi a filin atisaye kanka yake sarawa, haske yana damun idanunka, amma ka ƙi zuwa wurin likitan ƙungiyar jami'arku don gudun kada koci ya zaunar da kai a benci. Maganar nan ta hana ni barci.

Kai ne ka fara ba ni labarin Husain Abdullah, wanda ya buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka kamar yadda kake bugawa, to bari in tuna maka shi. Da ya gama Jami'ar Jihar Washington a 2008, babu ƙungiya ko ɗaya a NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, da ta zaɓe shi. Da guminsa ya sami gurbi a Minnesota Vikings, yana atisaye cikin zafin rana da azumi a bakinsa. Duk da wahalar da ya sha kafin ya sami wurin, a 2012 ya ajiye kakar wasa sukutum, shi da yayansa Hamza suka tafi aikin Hajji. Allah bai tozarta shi ba, Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 2013. Na san abin da ya fi burge ka shi ne daren nan na Satumban 2014, da ya cafke ƙwallon da Tom Brady, shahararren ɗan wasan abokan karawarsu, ya jefa, ya ruga ya ci maki, ya faɗi ya yi sujada. Alƙalin wasa ya hukunta shi, washegari hukumar NFL ta ce bai kamata a hukunta shi ba.

Ni kuwa abin da ya fi girma a idona shi ne 2016. Yana ɗan shekara 30, ƙarfinsa bai ƙare ba, ya yi murabus domin sau 5 ƙwaƙwalwarsa tana girgiza a wasa. Ya zaɓi ya tsira da hankalinsa. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari nesa ba kusa ba, kuma hular kwano ba ta hana ƙwaƙwalwa gwaruwa da ƙashin kai daga ciki.

Ban ce ka bar ƙwallo ba, ita ke biyan kuɗin karatunka, kuma na san kana son ta. Amma gobe da safe ka je wurin likitan, ka faɗa masa komai. In ya ce ka huta, ka huta ko da wani zai gaje gurbinka. In ka fito ka kira ni da kanka, ina so in ji abin da ya ce daga bakinka.

Ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya ba ka lafiya, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka