Wasiƙa ga aboki kan saita sautin jitar kiɗan metal

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutan gida. Na saurari abin da ka ɗauka. Hannunka ya faɗa, sai dai sautin ya dagule: in ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu, gurnani ake ji maimakon duka mai kaifi.

Laifin Gain ne, wato maɓallin amfilifaya da ke ƙara wa sautin jita ƙarfi har ya yi kaushi, ka murɗa shi da yawa. A amfilifaya irin Peavey 6505, tsakanin 4 da 5 ya wadatar. Ka riƙa kaɗa tsirkiya mafi kauri a danne kana rage shi har sautin ya fara ramewa, sannan ka ƙara ɗan kaɗan, ka cire hannunka.

Sai ka sa fedal ɗin Tube Screamer, wato ƴar na'urar sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa, tsakanin jita da amfilifaya, ka saita maɓallansa haka: Drive a sifili, Level a ƙarshe, Tone a tsakiya. Amfaninsa a nan shi ne yana rage kaurin sauti daga wajen 720 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) zuwa ƙasa tun kafin ya shiga amfilifaya, kuma wannan kaurin ne ke dama komai idan Gain ya murƙushe shi. Zai ƙaro tsuwa, don haka ka bi shi da fedal mai toshe hayaniya. Kada ka matse shi sosai, in ba haka ba zai riƙa datse wutsiyar sauti.

Mid kuwa, wato maɓallin matsakaicin sauti a amfilifaya, don Allah ka daina kashe shi. Kai kaɗai a ɗaki yana da daɗi, amma da ganguna da jitar bas sun shigo, sai a neme ka a rasa. Fara da Bass (kauri) 4, Mid 6, Treble (siranta) 5, ka bar Presence (ƙarin kaifi) sai ƙarshe. Nauyin nan da kake kwaɗayi, aikin mai bas ne, bar masa kayansa.

Wurin makirufo ya fi duk maɓallan nan tasiri. Haska tocila ta ragar akwatin lasifika, za ka ga ƴar hular da ke tsakiyar mazurarin. Saita makirufo ƙirar SM57 daidai bakin hular, santimita 2 daga raga. Tsakiya kaifi ne mai huda kunne, gefe kuma dushewa. Matsar da shi santimita 1, ɗauka, saurara, sake.

A kwamfuta, yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz da na sama da 10 kHz. Ka kaɗa kiɗan sau 2, ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafar guda ɗaya ba ta ba da faɗi; ɗan saɓanin da ke tsakanin kaɗawa biyu shi ke buɗa sautin.

Af, tsirkiyarka mafi kauri ta yi sako-sako. Tunda ka sassauto ta zuwa sautin C, nemi mai kaurin inci .056, domin siririya kan haura sama da saitinta duk sanda ka buga da ƙarfi.

Turo min sabon ɗauka, har da gangunan a ciki. A gaida kowa.

Naka har kullum.