Zuwa ga Sada a Kumasi

Katsina, daren Laraba

Sada, assalamu alaikum. Tun da ka koma ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ina fatan kana lafiya, kai da Maman Ummi da yara. Tambaya gare ni: za ka zo bikin Kabiru ko mu cinye rabonka?

Amma tsaya ka ji labari. Da aka zo rabon kayan marigayiya Gwaggo Delu, kowa idonsa na kan kwalla da tasoshi, ni kuwa aka turo mini wani gwangwanin madara, wai ga na sarkin tarkace. Sada, tsofaffin kuɗi ne cike! Anini, ɗari, taron 1959 mai auduga a bayansa, sefa ta mutanen Maraɗi, liyari guda, tsohon kuɗin nan na azurfa, sai kwabbai masu huji.

A cikinsu akwai kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin Ingilan nan da ya hau a Janairu ya sauka a Disamba don ya auri bazawara Ba'amurkiya. A Ingila ba a kai ga fitar da kuɗinsa ba, amma namu da yake huji ne a tsakiya, ba hoto, suna kawai aka sauya aka bugo. Kada ka fara lissafin mota, an buga shi da yawa, ba ya tsada. Abin da ya hana ni barci shi ne hujinsa ya kauce daga tsakiya, har ya ci ƙafar tauraron nan mai tsini shida.

Lawal ya rantse wani yaro ne ya huda shi da ƙusa. Ka san Lawal, ko azahar ka ce ta yi sai ya yi musu. Na ce to ina hujin asalin ya tafi? Huji ɗaya ne tak. Na ɗora shi kan wani kwabon, faɗin hujin daidai wa daida. Ƙusa kuwa tana tura ƙarfe ya yi leɓe ta baya, ta lanƙwasa kwabon. Wannan shafal yake, kuma duhun tsufan da ke cikin hujin shi ne a fuskarsa. Na haska da fitilar waya, har ƙaramin H ɗin nan na masana'antar Heaton ta Birmingham yana nan raɗau, bai side ba. Ni dai na tsaya a kan cewa daga wurin bugu ya zo haka, kuma irinsa masu tarawa ke nema. Wanda ya lalace a hannun mutane ba ya da wata daraja.

Liyarin ne abin tausayi. An kai shi wajen maƙeran fari sun liƙa masa kunne don rataya, fuskar Mariya Tarisa, sarauniyar Ostiriya da ke jikinsa, duk ta side da gogar wuya. Lawal ya ga 1780 ya fara salati, sai da na gaya masa duk wanda aka sake bugawa bayan mutuwarta shekarar nan yake ɗauke da ita.

Hajara kuma saura ƙiris ta jiƙa mini su duka a ruwan tsamiya, wai su yi ƙyalli. Da ta kankare tsufan, ta kankare darajar. Yanzu gwangwanin na cikin akwati, makullin na aljihuna.

Af, Ɗanjuma ya sayar da Keke Napep ɗinsa ya shiga siyasa, har da babbar riga. Ranar Juma'a na gan shi wajen Ƙofar Soro yana ɗaga wa mutane hannu, ba wanda ya kula shi.

Tun da kwabon nan har Gana ya yi yawo, da Saliyo da Gambiya, don Allah in ka shiga kasuwar Kejetia ka tambayi masu tsofaffin kaya. Anini na 1907 nake nema, na farkon, na sanholo, marar nauyi. Kada ka bari su wanke shi, kuma kada ka nuna musu kana so, na san ka da ciniki, sai su ninka maka kuɗi kana godiya.

Ka gaida Alhaji Baba da mutanen zango.

Naka,
Mamman