Ku bar injiniyan nan ya ƙarasa maganarsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci matuƙa da dariyar da mai gabatar da shirinku na daren Laraba ya riƙa yi wa baƙonsa. Bawan Allah yana bayanin yadda ake ɗaga tsohon bene a matsar da shi maimakon a rusa, shi kuwa sai katse shi yake, wai tatsuniya ce, wai ɓarnar kuɗi ce.

Ina tatsuniyar take? A 1939, da za a faɗaɗa titin Gorky a Mosko, an tura gidan Savvinskoye mai nauyin tan 23,000 baya a kan layin dogo, cikin dare, mazauna na ciki, kuma yana nan tsaye har gobe. A 1987 an ja wani bene mai tan 7,600 a Alba Iulia ta Romaniya. Haƙa ƙarƙashin ginin ake yi, a zura manyan ƙarafa, a raba shi da harsashinsa, a ɗaga da jak, a haɗa bututun ruwa da tiyo don kada famfo ya ɗauke. Abin da baƙon ke son faɗa ke nan aka hana shi.

Ni a irin wannan gida na tashi. Matakalarsa ta katako har ta lotsa a tsakiya saboda takun jama'a, hannunta ya yi sulɓi kamar an shafa masa mai. Rana ɗaya aka zo aka shafa wa gidan jan fenti, aka ba mu wa'adi, katafila ta gama da shi. Titin da aka rusa shi dominsa ɗan gefen filin kawai ya ci, ga fili fetal a bayan gidan, amma ba wanda ya ko tambaya ko zai turu. Aka watsa mu. Mahaifiyata har Allah ya karɓi ranta tana cigiyar inda maƙwabciyarta ta koma. Wannan ne abin dariya?

Tsada kam akwai ta, ban musa ba. To a bar masanin ya yi mana lissafin da bakinsa. Ku dawo da shi, ku ba shi lokacinsa cikakke.

Sannan don Allah a rage kiɗan nan da kuke sawa ƙarƙashin labaran safe, yana danne muryar mai karantawa, mu masu shekaru ba ma jin rabin abin da ake faɗa.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum