A riƙa auna ɗakin amarya kafin a sayi kayan ɗaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da iyayen 'yan mata, musamman 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Jidda da Makka, a kan yadda ake sayen kayan ɗaki. Ni kafinta ne, kuma mafi yawan aikina shi ne haɗa gadaje da sif a gidajen haya, don haka abin da zan faɗa abu ne da nake gani da idona.

Tun daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022, lokacin da hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda, irin su Gulail da Fetromin da Sabil da Karantina, jama'armu da yawa suka koma gidajen bene na haya, kuma kuɗin haya ya tashi. Saurayin da zai yi aure a yau, abin da ƙarfinsa yake iya kamawa shi ne ɗaki da falo, ko ɗaki biyu ƙanana. Gidajen sun canza, amma al'adar sayen kayan ɗaki tana nan yadda aka gada: uwa da gwaggonni su tafi kasuwa su zaɓi saitin da zai fitar da su kunya ranar jere, wato babban gado da sif mai ƙofa shida da madubi da durowoyin gefen gado guda biyu, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ta taɓa sa ƙafa a ɗakin da za a kai kayan.

A duba lissafin. Ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3 da rabi, irinsa ne aka fi samu a waɗannan gidaje. Idan aka saka gado mai katifa santimita 200 a kan 200, abin da zai rage a faɗin ɗakin bai kai mita 1 ba, a raba shi gefe biyu, sannan durowoyin gefe su cinye shi. Ta wajen ƙafa kuma, gado da allon kansa sun ɗauki kusan santimita 210, sif yana da zurfin santimita 60, saura 80 ke nan, kuma ƙofar sif idan ta buɗe tana cin kusan 50 daga ciki. Amarya za ta riƙa tafiya a karkace a cikin ɗakinta, madubin kuwa sau da yawa a falo yake ƙarewa, ko a bayan ƙofa ya hana ta buɗuwa sosai. Da gado mai santimita 160 aka saya, wanda ya wadaci mutum biyu ba tare da takura ba, da an samu santimita 140 a gefe, a bar 60 ta ɓangare ɗaya domin wucewa, 80 ta ɗaya ɓangaren. Wannan 80 ɗin ita ce wurin shimfiɗa darduma, kuma ina mamakin yadda ake mantawa da ita, domin mace a ɗakinta take yin mafi yawan sallolinta. Ya kamata tun kafin a kafa gado a san inda alƙibla take, wadda a Jidda ta gabas ce, kada a wayi gari sai an fita falo duk lokacin salla. Wannan fili ne kuma zai karɓi gadon jariri idan Allah ya kawo rabo.

Game da sif, wanda ƙofarsa ake turawa gefe ya fi dacewa da ƙaramin ɗaki, kuma gara ya yi tsayi har kusa da rufi da a ce ya yi faɗi. Idan aka manna madubi a jikin ƙofarsa, an huta da teburin madubi gaba ɗaya. Kanta guda a bango ta isa ɗaukar turare da kayan kwalliya, sai dai a nemi izinin mai gida kafin a huda bango. Akwatunan lefe, waɗanda su kaɗai suna iya cika kusurwa guda, a zuba ƙanana cikin manya a ɗora a saman sif. Akwai kuma gado mai ma'aji a ƙarƙashinsa, wanda ake ɗaga katifar a ajiye barguna da zannuwan gado. Mu da ba ma rabuwa da baƙi daga gida lokacin Umra da Hajji, mun san amfanin wurin ajiye shimfiɗar baƙo.

Akwai abin da yanayin garin nan ya tilasta. Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta cike take da laima, kuma yawancin saitin da ake sayarwa da rahusa na katakon MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam, wanda yake kumbura idan ya sha danshi. Sif ɗin da aka manna da bango yakan yi fumfuna ta baya, tufafi su ɗauki wari, saboda haka a bar 'yar tazara tsakaninsa da bango. Haka nan kada dogon sif ya tare na'urar sanyaya ɗaki, kada kuma a kafa kan gado daidai ƙarƙashinta, domin takan ɗigar da ruwa. Ga shi kuma mai haya ba ya rabuwa da tashi, kuma irin wannan katako ba ya jure kwancewa da sake ɗaurawa, ramukan noti suna buɗewa. Babban saiti yakan lalace a kan matakalar bene tun bai tsufa ba.

Na san abin da iyaye mata za su ce, wato dangin miji za su zo ganin ɗaki, kuma ba a son 'yarsu ta zama abin gori. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Sai dai kuɗin da aka rage daga girman gado ana iya zuba shi a katifa mai inganci da katako mai ƙwari, kuma ɗakin da ake iya juyawa a cikinsa ya fi kyan gani ko a idon mai neman abin faɗa. Wanda ƙarfinsa bai kai sabo ba, ana samun sif da gado masu kyau a kasuwar gwanjo ta Sawarik da ke kudancin Jidda, amma ban ba da shawarar sayen tsohuwar katifa ba saboda kuɗin cizo.

Roƙona ga angwaye shi ne, da zarar an kama gida, a ɗauki tef a auna tsawo da faɗin ɗakin, da wurin ƙofa da taga da na'urar sanyi, da faɗin matakala, a rubuta a takarda a aika wa iyayen amarya ta hannun wata babba a dangi, tun kafin su shiga kasuwa. Iyaye kuma su tafi da takardar, su sa mai shago ya auna kayan a gabansu kafin a biya.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naku,
Wani kafinta mai karanta jaridarku,
Jidda, Saudiyya.