Yaƙin sauya tunani: dokar ɗauri ba ta isa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu tofa albarkacin bakinmu kan yaƙin da ba a harba harsashi a cikinsa, sai dai abokin gaba ya yi ta cusa ƙarya da shakku har jama'a su daina yarda da juna, balle hukuma.

Gwamnatoci da yawa da dokar ɗaure masu yaɗa labaran ƙarya suke farawa. Malesiya ta kafa irinta a 2018, ta soke ta a 2019 bayan an yi ta kukan cewa bakin masu suka take toshewa. Rufe intanet ma haka yake: jita-jita ta koma baki da baki, inda babu mai bin sawunta.

Sauri ya kamata a sa gaba. Wani bincike da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2018 kan Twitter ya nuna cewa kafin gaskiya ta isa ga mutum 1,500, tana cin ninki shida na lokacin da ƙarya ke ci. A Taiwan an horar da ma'aikatu su mayar da martani cikin awa guda, da gajeren rubutu da hoto, wani lokaci har da raha. Shi ma martanin yana da ƙa'ida: a fara da gaskiyar, a ambaci ƙaryar sau ɗaya tak, domin maimaita ta ne ke sa ta zauna a zuciya.

Sai hukumar sa ido. Faransa ta kafa Viginum a 2021, Suwidin ta buɗe hukumar kare tunanin jama'a a 2022. Hannun ƙasashen waje suke farauta, kamar ɗaruruwan shafukan bogi da aka buɗe rana ɗaya, suna watsa jimla iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ra'ayin ɗan ƙasa, ko ya yi ɗaci, ba huruminsu ba ne. Nan ne aka fi zamewa: ranar da hukumar ta ƙaryata abin da ya tabbata daga baya, ko ta zama kakakin masu mulki, kowa zai ɗauki musunta a matsayin shaida.

Makaranta kuwa aikin shekaru ce. Finlan ta ƙarfafa darasin tantance labarin gaskiya da na ƙarya a manhajarta ta 2016, ta kuma baza shi cikin sauran darussa: malamin lissafi ya nuna yadda ake ruɗi da alƙaluma, na zane ya nuna yadda ake sauya hoto, na tarihi ya kawo tsohuwar farfaganda yara su feɗe ta da kansu.

Wassalam.