Inji ya buga a hannuna, Kawu ya daina amsa gaisuwata

Assalamu alaikum Injiniya. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri a kan shirin nan naka na masu mota. Duk mako ina saurare, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Yau kwana shida ke nan rabona da barcin kirki.

Ni direba ne, a Rigasa nake zaune. Motar da nake ja Hilux ce mai shan fetur, ƙirar 2008, ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu ina aji uku a firamare, shi ya kai ni Kawo na koyi tuƙi, shi ya yi mini aure, har ɗakin da nake ciki shi ya biya hayar shekarar farko. Yana da gona bayan Kujama, sai ka saki titin Kachia ka nausa ciki kusan awa guda, ba kwalta, ga rairayi, ga wata fadama da ko kaka ta yi ba ta bushewa. Shekara biyar ina bin hanyar nan, ko madubi ban taɓa fasawa ba.

Ran Laraba na ɗauko masara, injin ya buga. Amma ba daga Laraba maganar ta faro ba.

Mai gyara mana motar mijin 'yar Kawu ne. Wallahi Injiniya mutumin nan ba ya jin magana, kuma ba ya son a tambaye shi. Da bazara ya cire tamostat, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ya jefar a gabana, wai na ƙasar masu ƙanƙara ne, a zafin Kaduna ba abin da yake yi sai toshe ruwa. Ya zubar da jan ruwan da ke cikin lagireto ya ɗura na famfo. Na ce masa anya? Ya ce mini direba tuƙi ya sani, in bar masu sufana su yi aikinsu. A gaban yaransa ya faɗa. Sannan baƙin mai. Kawu kuɗin galan mai hatimi yake bayarwa, 20W-50, amma sau biyu da idona na ga yaronsa ya dawo da man awo a jarka, irin wanda ake tsiyayowa daga durom a bakin titi. Na yi shiru saboda zumunci.

To ran Larabar, buhu 16 na ɗora. Na san za ka ce ya yi yawa, amma kowa a hanyar nan haka yake lodi, wasu har 20, kuma Kawu ne ya ce kada in yi sawu biyu saboda tsadar fetur. Muna shiga fadamar motar ta kafe. Na sa giyar ƙarfi mai jan ƙafa huɗu, ina ba ta wuta, gaba, baya, leburori biyu suna turi, mun fi minti ashirin. Da muka fita gabanta duk laka ce. Can na ga allurar zafi ta wuce rabi tana neman ja, ga ƙauri kamar an ƙona mai a kasko. In na ɗaga ƙafa sai jar fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa, in na taka ta ɗauke.

Na tsaya, kada a ce ban tsaya ba. Ban buɗe murfin lagireto ba, na san yadda yake ƙona mutane. Ruwan rafi na ɗebo na kwara mata ta gaba, allura ta sauko, na ci gaba. La'asar ta wuce, Injiniya, rana tana faɗuwa, kuma kai ma ka san halin da dazuzzukanmu suke ciki. 'Ya'yan mutane biyu ne a bayana. Wa zai zauna jiran inji ya huce a wurin nan? Saura kaɗan mu hau kwalta ta fara ƙwanƙwasa, ta mutu.

Da aka buɗe, gasket, shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai, ya ƙone, man ya koma kamar shayi da madara, metal, ƙarafan da karanshaf (babbar sandar da ke juyawa a cikin inji) ke kwance a kansu, sun cinye, shi karanshaf ɗin sai an kai gurza. An zaga kasuwar Panteka an ji kuɗin kaya, ni ko a baki ba na son maimaitawa. Tun kafin in iso gida shi surukin ya riga ya je ya ce wa Kawu na ga allura a ja na yi ta gudu.

Akwai wani yaro maƙwabcinmu da ke karatun injiniya a Kaduna Polytechnic, shi ya ƙara dagula mini lissafi. Ya ce allurar da nake kallo zafin ruwa take nunawa, ba na mai ba, motar ba ta da agogon zafin mai sam. Ya ce mai ya fi son tsakanin digiri 90 zuwa 110, in ya haura 120 ya daɗe a nan sai ya tsinke kamar ruwa, ya kasa riƙe metal, shi ya sa fitilar take ƙyaftawa. Ya ce mai tsadan nan da ake kira sintetik ya fi juriya, amma shi ma wajen 150 an shiga haɗari. Wai a laka ko rairayi inji yana ihu mota ba ta tafiya, iska ba ta bugun lagireto, fanka kaɗai ke aiki, in laka ta toshe ramukan kuwa ita ma aikin banza take. Har ya ce tamostat ɗin wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma a injuna da yawa in an cire shi wani ruwan zagayawa yake yi cikin inji bai bi ta lagireto ba. Ke nan ruwan da na kwara allura kawai ya saukar, man yana can yana dahuwa?

Haka ne, Injiniya? Da mai na kirki ne a ciki, da zai kai ni kwalta? Akwai abin sanyaya mai da ake ɗaura wa masu shiga daji, yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ne? Eh, ranar da safe ban zaro sandar mai na duba ba, sauri nake, amma ai ba a fi wata biyu da juye ba, ko uku.

Ni ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Jiya na durƙusa na gaida Kawu a ƙofar masallaci, ya kalli gefe. Mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Inna ta ce in rufe bakina a kan maganar man awo, in na faɗa auren 'yar'uwata zan taɓa, ga ta da goyo. Matata kuma ta ce in na yi shiru na amsa laifin ke nan har abada. Shi kuwa yana can garejinsa, shi za a ba aikin gyaran ma.

Ran Juma'a bayan masallaci Kawu ya ce in same shi a gida da makullin motar. Don Allah ka karanta wannan kafin ranar. In faɗa masa abin da na gani a jarkar nan, ko in ajiye makulli in tashi?

Naka mai saurare,
wani direba daga Rigasa, Kaduna